Yadda zaka zaɓi dogayen sifikoki masu sauƙin kuɗi domin jin kiɗa da kallon fim a gida

Dogayen sifikoki da nake magana a kai sune waɗannan masu tsayuwa da ƙafarsu a ƙasa, tsayinsu wajen mita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, ana sayensu biyu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ba irin manyan akwatunan nan na masu kiɗan biki ba, kuma ba ƙananan hom tiyata masu sifika biyar da wufa ɗaya a kwali guda ba. Na daɗe ina raka mutane sayensu ina kuma haɗa musu a gida, kuma abun da na lura dashi shine yawancin asarar kuɗin a kasuwa ake yinta, tun kafin a iso gida, saboda mutum ya bi lambar da aka rubuta a jikin kwali maimakon ya bi kunnensa da girman falonsa. Toh ga yadda nake bi.

Kayan da zaka tanada tun kafin ka fita

Tef na awo, irin na kafinta ko na tela duk ɗaya ne. Wayarka ko filash da ka zuba waƙoƙi da karatu da guntun fim waɗanda ka sani sosai, zanyi bayaninsu a gaba. Wayar haɗi mai kan iyafis a gefe ɗaya da kawuna biyu ja da fari a ɗaya gefen, domin ba kowane shago zaka samu Bluetooth ba kuma ko akwai gara waya. Batirin rimot guda ɗaya mai 1.5V. Tocila, ta waya ma ta isa. Ƙaramar mita irin ta masu gyaran rediyo in kana da ita, in babu ka ari ta wani ko ka tafi da mai gyaran gaba ɗaya ka bashi na shayi, ba asara bane. Sai hoton falonka da hoton bayan talabijin ɗinka inda ramukan suke, ka ɗauka a waya.

A cikin lissafin kuɗi kuma ka sa waɗannan: sifikokin, amfilifaya wato na'urar da take ƙarfafa sauti ta tura wa sifika, wayar sifika, sitabilaiza, kuɗin mota, da kafet in falon tayil ne tsirara. Mutane da yawa sifikar kaɗai suke lissafawa.

1. Fara da auna falon, ba da kasuwa ba

Auna tsawo da faɗi, sannan ka auna daga inda kujerar zamanka take zuwa bangon talabijin. Ɗakunanmu da yawa ƙafa 12 ne a kan 12, kuma gaskiya irin wannan ɗakin baya son babbar sifika, balle da yake tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, bes ɗin sai ya dinga taruwa yana gunji a wani lungu, ka matsa taku biyu kaji babu shi kwata kwata. A irin wannan ɗakin ka nemi siririya mai wufa inci 5, guda biyu ko uku, wufa ita ce babban faifan da yake fitar da bes a fuskar sifika. In falon ya kai mita 4 a kan 5 ko sama, mai wufa inci 6 da rabi guda biyu ita ce daidai. Masu inci 8 sai babban falo sosai.

In kuma ka auna kaga nisan zamanka bai kai mita biyu ba, ko babu yadda zaka janye sifikar daga bango ko da taƙi ɗaya, toh shawarata ka haƙura da doguwa ka sayi ƙananan nan da ake ɗorawa a kan kanta, zasu fi maka daɗi a kuɗi ƙasa da haka. Doguwar sifika tana buƙatar ɗan nisa kafin sautin wufa da na tiwita, wato ƙaramin faifan da yake fitar da siririn sauti, su haɗu su zama abu ɗaya a kunnenka.

2. Raba kuɗin

Yawancin dogayen sifikoki na kirki basu da wuta a cikinsu, ba'a jona su a soket, sai da amfilifaya. Wannan ka riƙe shi da kyau domin akwai wanda zai juye kuɗinsa kaf a kan sifika ya kawo gida sannan yake tambayar inda ake sa filogi. Ni yadda nake rabawa, wajen kashi 60 cikin ɗari sifika, 30 amfilifaya, ragowar waya da sitabilaiza da sauransu. Ba doka bace, amma sifika ce tafi komai canza sautin da zaka ji, ita ce kuma take daɗewa, zaka iya canza amfilifaya sau biyu tana nan.

Farashi kam yana bin dala, abun da na gaya maka yau wata mai zuwa ya tashi, don haka ka duba shafin saye da sayarwa na Jiji da shaguna biyu uku a satin da zaka saya kaga inda kasuwa take.

Akwai dogaye masu amfilifaya a ciki, sun cika kasuwa, ga fitilu ga rimot ga wurin makirfo. In kuɗinka iya nan ya tsaya ba laifi, amma ka sani ranar da allon cikin ya ƙone komai ya tsaya, kuma yawancinsu an yi su ne don ƙara ba don tsabtar sauti ba. Wani abun kuma, da ka sayi sifika biyar marasa kyau gara biyu masu kyau, daga baya ka ƙara sauran a hankali.

3. Lambobi uku kawai zaka karanta

Ta farko ita ce wadda ake rubutawa da dB, misali 87 dB ko 90 dB. Ma'anarta yawan ƙarar da sifikar zata bayar in an bata wat ɗaya kana tsaye nisan mita ɗaya. Bambancin 3 dB kamar ba komai ba amma ninki biyu ne na ƙarfin amfilifaya, wato ƙarar da mai 90 zata bayar da wat 25, mai 87 sai ta sha wat 50. Kaga kenan mai ƙaramin aljihu, ko mai amfani da sola da inbata, gara ya nemi 88 zuwa sama. Kuma daga nan zaka gane cewa zaman falo baya cin wat da yawa, sifika mai 90 dB in ka bata wat 10 ta kai 100 dB a kusa da ita, wanda ya wuce abun da kunne yake so. Masana lafiyar kunne suna cewa daga 85 dB in aka daɗe ana ji awanni yana lalata ji.

Ta biyu om, wato ma'aunin yadda sifikar take tare wutar da ke shigarta, zaka ga 8 ko 6 ko 4. Duk sanda lambar tayi ƙasa sifikar tafi jan wuta daga amfilifaya, yafi yin zafi. Ka juya bayan amfilifayan, kusa da inda ake ɗaura waya an rubuta mafi ƙarancin om da yake ɗauka. Da zafin garinmu na watan Afrilu, ɗora 4 om a kan ƙaramin amfilifaya neman matsala ne. Tsaya a 6 ko 8.

Ta uku iya zurfin bes, ana rubuta shi da Hz, ƙaramar lambar zaka duba. Kunnen ɗan adam yana ji daga 20 Hz, tsirkiya mafi kauri ta jitar bes tana wajen 41 Hz. Doguwar sifika da ta sauka 45 ko 40 da gaske ta gama maka kiɗa. Amma ka duba ko an rubuta ±3 dB a gefen lambar, in babu, lambar ado ce kawai.

Wat kuwa, nan ne ake cin kuɗin mutane. In kaga PMPO a jikin kwali, 5000W ko 10000W, ka ɗauke kai. RMS ne abun dubawa, shine ƙarfin da na'urar take iya bayarwa a ɗore. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiya: duba bayan na'urar inda aka rubuta wutar da take sha daga soket, abun da yake shan wat 60 ba zai taɓa fitar da dubu biyar ba. Amfilifaya mai wat 40 zuwa 80 RMS kowane gefe ya ishi falon gida. Kuma wat ɗin da aka rubuta a jikin sifika ba ƙararta bane, iya abun da zata jure ne.

4. Sabuwa ko tokumbo, da sunayen da zaka nema

Ga waɗanda suka yi suna a cikin masu araha. Pioneer SP-FS52, wadda injiniyan nan Andrew Jones ya tsara, wufa uku ne inci 5 da kwata, om 6, 87 dB, muryar mutum tana fita da kyau a cikinta amma tana son amfilifaya mai ɗan ƙarfi. Shi Andrew Jones daga baya ya koma ELAC yayi musu jerin Debut, suma ana yabonsu. Polk T50 tana da 90 dB, kuma kar wufa ukun da kake gani su ruɗe ka, ɗaya ce take da koyil, biyun na ƙasa iskar cikin akwatin ce take motsa su don ƙara bes, haka aka yi ta ba lalacewa bace. Sony SS-CS3 siririya ce, ta dace da ƙaramin falo, bes ɗinta ba mai nauyi bane. Yamaha NS-F51 wufa biyu santimita 16, om 6. Daga Ingila akwai Wharfedale jerin Diamond da Q Acoustics 3050i, waɗannan sun ɗan fi tsada amma in ka samu na hannu mai lafiya ka kama. Klipsch masu wufa kalar jan ƙarfe suna da ƙara da ɗan wat kaɗan, suna daɗi a fim, sai dai wasu kunnuwan suna jin saman sautinsu da kaifi, sai ka saurara da kanka.

Ba lalle ka samu waɗannan a shagon unguwa ba. Kayan tokumbo yawanci ta Alaba a Legas suke shigowa, daga nan su watsu zuwa Sabon Gari a Kano da sauran manyan kasuwanni, kuma abun da kwantena ta kawo shi zaka gani, yau Mission gobe Tannoy jibi Jamo ko tsohuwar Technics. Don haka kar ka kafe a kan suna ɗaya, ka koyi gwadawa shine ya fi. Akwai jabu kuma, akwatin banza a manna masa tambarin babban kamfani. Ka rubuta lambar samfurin da ke bayanta a intanet, in hoton da ya fito bai yi kama da abun da ke gabanka ba, ko babu lambar ma gaba ɗaya, ka wuce.

Ita sifikar da bata da wuta a ciki babu ruwanta da daga wace ƙasa ta fito. Amfilifaya ne abun tsoro, zan zo kansa.

5. Duba jikinta kafin a kunna

Wannan matakin na masu sayen tokumbo ne musamman, kuma kar kaji kunyar mai shago, kuɗinka ne. Cire ragar gaban. Haska tocila a zoben da ya kewaye wufa. In na roba ne ka duba tsagewa, in na soso ne ka ɗan taɓa da yatsa a hankali, tsohon soso yana marmashewa kuma zafinmu yana ƙarasa shi da wuri. Ana canzawa, amma sai a rage maka kuɗi. Sannan ka buɗe yatsunka ka ɗora kewaye da tsakiyar wufar ka tura ciki a hankali daidai wa daida, ya kamata ta shiga ta dawo shiru, in kaji tana gogawa kamar akwai yashi a ciki koyil ya taɓa ƙonewa. Tiwita kuma kar ka taɓa ta, kallo kawai, ka ga ko yara sun lotsa ta.

Duba kusoshin da suka riƙe wufa da tiwita. In kawunansu sun cinye ko basu yi kama da juna ba an taɓa buɗewa, ka tambaya me aka yi. Sau da yawa ana cire ta asali a sa wufar mota ko tiwita mai arha, ko a naɗa koyil da hannu. Naɗin zai yi ƙara, amma in gefe ɗaya aka naɗa ɗayan na kamfani ne sautin dama da hagu bazai taɓa zama ɗaya ba. Kwatanta biyun gefe da gefe, komai nasu ya zama iri ɗaya har lambar baya.

Ƙwanƙwasa gefen akwatin da bayan yatsa. Mai kyau zaka ji ƙaramin sauti a toshe, maras kyau zai amsa kamar fanko. Ɗaga ta kaji nauyi, doguwar sifika da ka ɗaga da hannu ɗaya ba wahala akwai alamar tambaya. Kwantar da ita ka duba gindin, domin katakon MDF ne, in ya sha ruwa yana kumbura ya buɗe, kuma gara ma tana cinsa.

Sai mita. Sa ta a om ka taɓa ja da baƙi na baya. Mai om 8 zata nuna wajen 5 da rabi zuwa 7, mai 6 wajen 4 zuwa 5, wannan daidai ne, dama bata nuna cikakkiyar lambar. Abun da ya fi muhimmanci biyun su nuna kusan abu ɗaya. In babu mita ka taɓa batirin nan na 1.5 a jikin wayoyin na ɗan lokaci, kan batirin a ja, gindinsa a baƙi, zaka ji ɗan ƙas kuma wufofin su turo waje. Wadda bata motsa ba mai yiwuwa ta mutu, in ba irin na Polk ɗin nan bace.

6. Saurare

A nan nake so ka ɓata lokaci. Mai shago zai sa maka waƙarsa mai bes ya murɗa ƙara har gilashi yana rawa, kowace sifika tana burgewa a haka. Ka roƙe shi ya mayar da bes da tirebul tsakiya, ya kashe duk wani maɓallin ƙarin bes, sannan ka jona wayarka, a ƙarar da kake ji a gida.

Fara da murya zalla, karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba ji, ko wa'azi, ko labarai. Kunnenmu yafi sanin muryar mutum akan komai. In muryar ta fito kamar ta hanci, ko kamar daga cikin akwati, ko harafin sin yana tsaga kunne, wannan sifikar zata gajiyar da kai a fim ma. Bayan nan ka sa kiɗan da ka taɓa ji ido da ido, kalangu ko gurmi ko garaya ko kotso. Kalangu yana da kyau wajen gwaji saboda sautinsa yana hawa yana sauka, a sifika mai kyau zaka ji kowane bugu daban da lanƙwasar sautin, a maras kyau duk sai ya zama dum dum iri ɗaya. Sannan waƙar zamani mai bes, kaji ko bes ɗin yana tsayawa in an tsaya ko yana jan jela yana rufe muryar mawaƙin. Ƙarshe guntun fim inda ake magana a hankali sannan ƙara ta tashi.

Kara kunnenka kusa da kowace tiwita a ƙaramar ƙara ka tabbatar tana fitar da sauti, domin mutuwar tiwita ita ce cutar da tafi yawa a tokumbo kuma a hayaniyar kasuwa ba'a lura. Juya balans zuwa dama sannan hagu kaji ko ɗaya tafi ɗaya. Sai ka ɗan ɗaga ƙarar na minti ɗaya ka saurari karkarwa ko zizar wani abu a akwatin.

In kana kwatanta biyu ka daidaita ƙararsu tukuna, wadda tafi ƙara ko da kaɗan ita kunne zai ce tafi daɗi. Kuma wadda ta burge ka a minti na farko da ƙyalƙyalin sama da bugun ƙirji, sau da yawa ita ce zaka gaji da ita bayan awa ɗaya. Ni wadda nake zaɓa ita ce wadda naji maganar mutum a fili ko da ƙarar tana ƙasa. In ta intanet zaka saya babu damar saurare, toh kar ka tura kuɗi duka, ka nemi wanda zai je maka ya gwada, ko ku yi yarjejeniyar dawowa a rubuce ko da a saƙon waya ne.

7. Amfilifaya da maganar wuta

In kiɗa ne yafi yawa, amfilifaya na gefe biyu ya isa. Sony STR-DH190 da Yamaha R-S202 suna da araha kuma suna da Bluetooth, amma dukansu basu da ramin oftikal ko HDMI, kuma talabijin da yawa na yanzu sun daina zuwa da ja da fari na fitar da sauti. Shi yasa nace ka ɗauki hoton bayan talabijin. In oftikal kaɗai kake dashi, ko ka nemi irin Yamaha A-S301 mai ramin, ko ka sayi ɗan akwatin nan mai arha da yake juya oftikal zuwa ja da fari. In fim ne gaba kuma kana da niyyar ƙara sifikoki nan gaba, ka nemi risiba, wato amfilifayan fim mai ɗaukar sifikoki da yawa, ta Denon ko Yamaha ko Onkyo ko Marantz mai HDMI ARC, da ita rimot ɗin talabijin ma zai dinga rage ƙara. Masu sola kuma, ƙananan amfilifayoyin nan ajin D irin na Fosi Audio basa cin wuta basa zafi sosai, suna tura dogayen sifikoki lafiya lau a falo madaidaici.

Yanzu gargaɗi. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kafin ka jona kowane amfilifayan tokumbo karanta bayansa. In 120V ne kaɗai sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya ninka abun da aka rubuta yana sha ko kusa da haka. Jonawa ɗaya kai tsaye ta isa ta ƙone shi. Kayan Ingila da Turai basu da wannan matsalar. Ka sa sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta ka kashe amfilifayan kafin a tada janareta, sai ya daidaita ka kunna.

Mutane suna tsoron babban amfilifaya zai fasa sifika, alhali ƙaramin da aka matsa masa ne yafi kashe tiwita. Kamar ƙaramin janareta ne da aka ɗora masa firji da dutsen guga, abun da zai fitar ba wutar kirki bace. Da zarar kaji sauti ya fara tsagewa ka rage nan take.

8. Waya da ɗaurawa

Kar kowa ya sayar maka da waya mai tsada da sunan tana ƙara daɗin sauti. Wayar jan ƙarfe mai silli silli, 1.5mm, ta isa in nisan bai wuce mita goma ba, in ya wuce ko sifikar om 4 ce ka sa 2.5mm. Abun lura kawai ta zama jan ƙarfe na gaske, ka kankare silin da wuƙa, in cikin fari ne alminiyom ne aka shafa wa kala. Siririyar wayar nan ja da baƙi da ake bayarwa kyauta ka ajiye ta.

Kashe amfilifaya kafin ka ɗaura. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka gefen. In ka juya gefe ɗaya ba abun da zai ƙone amma bes zai gudu kuma murya zata rasa tsakiya, kaji kamar tana yawo a ɗakin. Murɗe silin da kyau kar ko ɗaya ya fito ya taɓa maƙwabcinsa, sili ɗaya tak yana kashe amfilifaya. In bayan sifikar ramuka huɗu ne da ɗan ƙarfe da ya haɗa na sama da na ƙasa, kar ka cire ƙarfen, in kuma babu shi ka haɗa da guntuwar waya, in ba haka ba wufa kaɗai ko tiwita kaɗai zata yi.

9. Inda zaka ajiye su

Wannan kyauta ne amma yana canza sauti fiye da canza amfilifaya. Nisan da ke tsakanin sifikokin biyu ya zama kusan daidai da nisan kowacce zuwa inda kake zama, talabijin a tsakiya. In kana zaune nisan mita biyu da rabi, ka raba su mita biyu zuwa biyu da rabi. Janye su daga bangon baya santimita 30 zuwa 60, musamman masu ramin fitar bes a baya, kuma ka nisanta su da lungu. In dole sai sun matsa bango ka cusa soso a ramin, Q Acoustics ma da sosonta take zuwa, in babu safa mai tsabta da aka naɗe tana yi. Ɗan karkato fuskarsu zuwa kujerarka, ka sa murya zalla, ka dinga gyarawa kaɗan kaɗan har kaji mai maganar kamar daga cikin talabijin yake fitowa ba daga dama ko hagu ba. Tiwita ta zama saitin kunnenka in kana zaune. A gidan da ake zama a ƙasa kan kafet da tuntu, doguwar sifika zata yi harbi ta saman kai, sai a ɗan ƙara nisa ko a nemi gajeruwa.

Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falon. In kaji amsa kuwwa, tayil da bangon siminti ne, kuma ko sifikar miliyan nawa ka kawo haka zata yi ta kwaramniya. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikokin, sa labule mai nauyi, kujerun kushin ma suna taimakawa. Kujerar kuma in da hali kar ta manne da bangon baya.

Ƙusoshin ƙafa da suke zuwa dasu na kan kafet ne, a tayil ka sa na roba. Ka tabbatar bata girgiɗi. In akwai yara ƙanana ka bar ragar a gaba kullum, kuma ka duba ko ɗan turi zai kayar da ita, domin nauyinta ya isa ya ji wa yaro ciwo.

10. Saitin fim

Shiga saitin sauti na talabijin ka kashe sifikarsa ta ciki. In amfilifayan gefe biyu kake amfani dashi ko ɗan akwatin oftikal, ka zaɓi PCM, in ka barshi a Dolby ko dai kaji shiru ko kaji shiiii mai ƙarfi. Kar ka haɗa fim ta Bluetooth, baki zai riga murya. In risiba ce kuma sifika biyu kaɗai gareka, ka gaya mata babu ta tsakiya babu na baya, in ba haka ba zata tura maganar 'yan fim inda babu sifika kaji kiɗa kaɗai. In tazo da ɗan makirfonta na awo ka yi amfani dashi lokacin da gida yayi shiru, fanka a kashe.

In kuɗi ya samu daga baya, ta tsakiya zaka fara ƙarawa in mutane da yawa suke kallo a baje, kuma ta zama kamfani ɗaya jeri ɗaya da dogayen. Babbar wufa ta ƙasa mai wutarta ita ce ta biyu, ka sa rabon sauti tsakaninta da dogayen a 80 Hz. Da daddare ka kunna saitin dare na risibar, yana ɗaga magana ya danne fashe fashe, bes yana ratsa bango fiye da yadda kake zato kuma maƙwabci yana da haƙƙi, haka in an kira sallah a kashe.

11. Kula dasu

Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ka rufe su da ƙyalle in ba'a amfani, ragar kuma ka cire ka kakkaɓe a waje, wufa da busasshen burushi mai laushi kawai. Amfilifaya kar a ɗora masa dikoda ko ƙyallen ado a kai, ramukan saman nan ta nan yake shan iska, ka bar masa sarari kamar taƙi ɗaya. A gaya wa mai goge ɗaki kar ruwa ya taɓa gindin sifikar, in tayil ne ka ɗora ta a kan ɗan falanki ko guntun marmara. Kar rana ta taga ta dinga dukanta. Wajen kunnawa amfilifaya ne ƙarshe, wajen kashewa shine farko, ƙarar a ƙasa. Da damina in hadari ya taso da tsawa ka zare filogin daga bango gaba ɗaya, har da wayar dish da ta shiga dikoda, domin ta HDMI ma tsawa tana bi ta isa risiba.